Mene ne a bayan labulen da Sirius ya faɗa?

Maman_Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka karanta littattafan Harry Potter bakwai ɗin nan ne, wanda bai gama ba ya yi haƙuri ya tsallake, don za mu tona ƙarshen labari. 'Yata mai shekara 12 ta kammala na bakwai ranar Lahadi. Tun hutun bara nake tsinto mata su ɗaya-ɗaya wajen masu gwanjon littattafai a Yaba, na biyar ɗin ma bangonsa a cire yake, sai da muka liƙe shi da salatif. Jiya da daddare an ɗauke wuta a Agege, muna zaune a baranda muna shan iska, sai ta ce, “Mama, labulen nan da Sirius ya faɗa ciki, mene ne a bayansa? Na ɗauka za a faɗa a littafin ƙarshe, har na rufe shi ban gani ba.” Sirius ɗin aminin baban Harry ne, a littafi na biyar ya faɗa labulen. Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Ni ma na karanta su tun ina makaranta, kuma labulen nan ya daɗe yana ci mini rai. Abin da na tuna, ɗaki ne can ƙarƙashin Ma'aikatar Sihiri a Landan, bencina na dutse sun zagaye shi suna gangarawa ƙasa, a tsakiya ga wata tsohuwar ƙofar dutse tsaye ita kaɗai ba bango, da baƙin labule yagagge yana motsi alhali babu iska. Harry ya ji ana raɗa daga ciki. Wa ya gina ƙofar? Su waye masu raɗar? Ku taimaka, yarinya na jiran amsa.

Sadiku_Akoka: Wa alaikumus salam Anti. Mutuwa ce a bayansa, ba wani abu ba. Sashen ma'aikatar da ɗakin yake ciki gaba ɗaya aikinsa binciken abubuwan da suka fi ƙarfin hankali, kowane ɗaki da nasa. Akwai na lokaci mai cike da agoguna, akwai wanda ƙwaƙwale ke iyo cikin koren ruwa, akwai na taurari, akwai ma'ajiyar ƙwallayen duba. Shi mai labulen Dumbledore, shugaban makarantar su Harry, da bakinsa ya kira shi Ɗakin Mutuwa lokacin da yake magana da minista. Ki ce mata iyaka ce tsakanin rayayyu da matattu.

Hauwa_Ikeja: Sadiku, sanin sunan ɗaki bai amsa tambayar Ikram ba. Ni bencinan nan ne suka tsaya mini. Wurin bincike me zai yi da wurin zaman 'yan kallo zagaye kamar kotu? Ruwa ba ya tsami banza. Ina ganin a zamanin da can nan ake zartar da hukuncin kisa, a tura mai laifi ta labulen jama'a na kallo, babu jini babu gawa.

Sadiku_Akoka: An yi wa marubuciyar, J.K. Rowling, wannan tambayar ce daidai a wata hira a 2005, ta ce ba wurin kisa ba ne, nazari kawai ake yi.

Hauwa_Ikeja: Na san da hirar. Amma ni abin da ke tsakanin bango da bango nake bi. In mai littafi ta so mu sani, da ta rubuta a ciki. Ba zai yiwu yaro ya karanta dubban shafuka sannan a ce sai ya bi hirarraki kafin ya gane labari ba.

Yaya_Nura_Apapa: Ni fa ban ga abin muhawara ba. Ai kafin ya faɗa labulen ya riga ya mutu, 'yar'uwarsa Bellatrix ta jefe shi da kalmar kisa, kowa ya ji ta faɗa.

Anti_Bilki: Yaya Nura, fim ka kalla ko? A fim ne ta furta kalmar. A littafi ta fara jifansa da jan haske ya kauce yana mata dariya, na biyun ya same shi a ƙirji, kuma ba a faɗi launin na biyun ba. Jan haske a wajensu na sumarwa ne, kore ne na kisa. Ke nan mai yiwuwa da ransa ya faɗa, labulen ne ya kashe shi. Wannan ɗan gurbin da aka bari shi ya hana mu barci. Na biyar ya fito a 2003, na shida a 2005, na bakwai a 2007. Shekara huɗu cur ni da ƙawata a Idi-Araba muna da yaƙinin zai dawo. Hujjarmu madubin nan da Sirius ya ba Harry a naɗe, ya ce in yana son magana da shi ya kira sunansa a ciki, Harry kuma ya jefa shi ƙasan akwati bai buɗe ba sai bayan mai afkuwa ta afku. Muka ce tabbas ɗaya madubin yana aljihun Sirius a bayan labule. Da aka fara ganin shuɗin ido a cikin gutsuren madubin a littafi na bakwai sai da gabana ya faɗi. Ashe Aberforth ne, ƙanin Dumbledore, shi ya sayi ɗayan. Ranar na ajiye littafin na fi awa ban iya ci gaba ba.

Yaya_Nura_Apapa: To Anti, na karɓi gyara. Fina-finan takwas na kalla a waya ina jiran lodi a layin tashar jiragen ruwa, littafin ban taɓa riƙe shi ba.

Sadiku_Akoka: Amma batun dawowarsa an rufe shi ai. Da Harry ya juya dutsen kiran matattu a daji, mutum huɗu suka zo: babansa, mamarsa, Lupin abokin babansa, da Sirius. Dutsen ba ya kiran mai rai.

Ummi_Surulere: Ku bar batun ya mutu ko bai mutu ba, ku dubi waɗanda suka ji muryoyin. Harry ya ji, ƙawarsa Luna ta ji, abokinsa Neville ya ƙura ido ya kasa motsi. Su ukun nan su ne masu ganin baƙaƙen dawakan nan masu fikafikai, waɗanda ba ya ganinsu sai wanda aka mutu a gabansa. Harry ya ga mutuwar Cedric ɗan makarantarsu, Luna ta ga ta mahaifiyarta tana shekara tara, Neville ya ga ta kakansa. Ƙawarsu Hermione kuwa ba ta ji komai ba, tsoro ma ya kama ta tana cewa su fita. Biri ya yi kama da mutum. Labulen yana kiran wanda yake da wani nasa a can ne.

Hauwa_Ikeja: @Ummi_Surulere saura Ginny, ƙanwar Ron abokin Harry. Ita ma ta tsaya ta ƙura wa labulen ido sai da aka ja hannunta, kuma ba ta ganin dawakan. Ya za ki yi da ita?

Ummi_Surulere: Ginny ta leƙa da kanta. A littafi na biyu tana kwance a ɗakin ɓoye rai ya kai maƙogwaro, ana zuƙe kurwarta ta cikin littafin nan na Riddle, wato Voldemort babban maƙiyin Harry. Wanda ya kai bakin ƙofa ya dawo ai ya fi wanda ya ga an shiga sanin wurin.

Anti_Bilki: Kai, Ummi, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ɗan_Alaba: Ku yafe ni zan ɗan karkata. Ni abin da ya fi labule damuna yana babin farko na littafin farko, wanda ya fito tun 1997, kuma har aka gama ba a warware shi ba. An kashe iyayen Harry daren 31 ga Oktoba, 1981. Hagrid, ƙaton nan mai kula da harabar makaranta, ya ce shi ya ciro jaririn daga rusasshen gida kafin mutane su taru. Amma washegari tun safe malama McGonagall tana zaune kan katangar gidan da za a kai shi, gidan Petunia Dursley yayar mahaifiyarsa, a siffar kyanwa, ta wuni zungur a wurin, Hagrid bai sauka da babur ɗinsa ba sai wajen tsakar dare. Kusan awa 24 ke nan. Ina ya kai yaron? Tirelar shanu ce za a ce ta kwana a hanya daga Maigatari zuwa Ikko, amma babur mai tashi sama, babu cunkoso babu shinge, a cikin Ingila?

Sadiku_Akoka: Akwai ƙari ma Yallaɓai. McGonagall ta amsa cewa Hagrid ne ya gaya mata inda Dumbledore zai zo. Ke nan sun haɗu kafin gari ya waye. Yaushe, a ina, yaron na hannunsa ko kuwa? Ni hasashena ya ɓoye da rana ne don kada a ga ƙato a sama kan babur, dare ya yi ya taso. Ya ce yaron ya yi barci suna saman Bristol.

Ɗan_Alaba: Ni kuwa ina zargin Dumbledore ne ya sa a riƙe yaron har ya gama ɗaure gidan da tsarin nan na jinin mahaifiyarsa, ya kuma tanadi tsohuwar nan mai kyanwoyi da za ta riƙa sa ido daga maƙwabta. Irin wannan shiri ba a yin sa cikin awa ɗaya.

Maman_Ikram: Ni wannan babin ɓata mini rai yake yi tun da na haihu. Jariri ɗan shekara ɗaya da wata uku, a sanyin Nuwamba na Turai, a ajiye shi bakin ƙofa da wasiƙa a tafi? Mutum uku manya, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Amana hannu da hannu ake bayarwa. Ko sallama ce ai a yi, a zauna a yi wa mace ta'aziyyar ƙanwarta. Ta buɗe ƙofa da safe za ta ajiye kwalaben madara ta ci karo da maraya, ta karanta rasuwar 'yar'uwarta a takarda. Duk wanda ya fara riƙo a haka da wuya ya yi kyau.

Malam_Obalende: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jinjina yadda kuka haddace wannan labari. Hajiya Maman Ikram, ina da nasiha, a ɗauke ta da kyakkyawar zuciya. Sihiri ba abin wasa ba ne a addininmu. Yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi bayaninsa a ƙissar Haruta da Maruta. Littafin da jarumansa duk masihirta ne, ana nuna abin a matsayin baiwa da makaranta da jarrabawa, ina jin tsoron ya rage wa yaro ƙyamar abin. Sannan tambayar da yarinyar ta yi, abin da ke bayan mutuwa, muna da amsarta a wajenmu: kabari, barzahu, tashi. Kada a bar marubuciyar tatsuniya ta riga iyaye shiga wannan fili.

Maman_Ikram: Allah ya gafarta Malam, na gode, kuma ban raina nasiharka ba. Ikram tana Islamiyya kullum da yamma, ta san sihiri haramun ne, ta san wannan ƙage ne. Abin da na lura shi ne, tun da kakarta ta rasu a watan azumi ba ta taɓa yi mini tambaya kan mutuwa ba, sai jiya ta hanyar labulen nan. Na fahimci ba Sirius kaɗai take tambaya ba. Shi ya sa ban so in kore ta da cewa ai ƙarya ce.

Malam_Obalende: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. In haka ne ƙofa ce ta buɗe miki, ki shiga ta nan ki kai ta inda ya dace. Amma ina nan kan bakana cewa a riƙa zama da su ana tacewa.

Baffa_Mile12: 'Ya'yana, ni ban san Harin nan naku ba, kwandon tumatir da buhun albasa na sani. Amma Malam, mu ma da aljanu da dodanni muka tashi. A firamare aka karanta mana Ruwan Bagaja, wanda ya fito tun 1934, muka bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe ƙasa-ƙasa har cikin aljanu, ba wanda ya bar salla saboda shi. Magana Jari Ce littafi uku, na farko 1937, tsuntsu ne yake magana har ya zama waziri. Kuma mu ma muna da namu tambayoyin da Abubakar Imam ya tafi bai amsa mana ba. Akun nan a ina ya yi karatu? Balaraben da ya kawo shi, me ya sa zai rabu da tsuntsu mai irin wannan sani, kuɗi nawa ne za su biya shi? Muna yara a zauren gidanmu mun sha musu a kai. Wani yayanmu ya rantse mutum ne aka juyar, wani malami ne da aka yi wa asiri. Ni har yau ina ganin biri ya yi kama da mutum, don hikimar nan ba ta tsuntsu ba ce. Yaro in ya ƙosa da labari har yana tono abin da ba a faɗa ba, alama ce ya karanta da zuciyarsa. Abin da ke damuna ɗaya ne, jikokina a nan Legas sun san Harin nan, Yarabanci da Turanci a bakinsu kamar ruwa, amma in na ce aku sai su tsaya suna kallona.

Hauwa_Ikeja: Baffa, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta taɓa ni. Gobe zan nemo wa yarana littattafan uku.

Sadiku_Akoka: Baffa, zancen mutum da aka juyar ya tuno mini ɓeran Ron. Shekara 12 yana gidansu a matsayin ɓera, ashe Pettigrew ne wanda ya ci amanar iyayen Harry. Ga tambaya: tagwayen nan Fred da George, yayyen Ron, suna riƙe da taswirar da ke nuna sunan duk wanda ke cikin makaranta tun shekararsu ta farko. Ƙaninsu ya shigo, kullum wani baƙon suna yana manne da nasa har kan gado. Shekara biyu da rabi ba su gani ba?

Ummi_Surulere: Ɗaruruwan sunaye ne ke yawo a takarda ɗaya, su kuma hanyar da za su bi su tsere wa mai gadi suke dubawa. Wa zai buɗe taswira don ya kalli ƙaninsa yana barci? Lupin da ya gani ai don yana bin sawun su Harry ne da gangan, kuma ya san sunan tun yarinta.

Anti_Bilki: Ɓeran nan yana cikin wani hasashen da nake so. A liyafar Kirsimeti ta littafi na uku, malamar duba ta ƙi zama, ta ce in mutum 13 suka ci abinci tare, wanda ya fara tashi shi zai fara mutuwa. Su 12 ne a tebur kafin ta zo. In ɓeran yana aljihun Ron, sun riga sun cika 13, kuma wanda ya miƙe ya tarbe ta Dumbledore ne. A na biyar kuma ku ƙirga masu cin abinci a gidan Sirius daren da Harry ya iso, 13 ne, kuma Sirius ne ya yunƙura zai tashi da gardama ta yi zafi.

Hauwa_Ikeja: Na biyun na yarda, na ƙirga da kaina. Na farkon akwai kame-kame, don ba a ce ɓeran na aljihu a wajen cin abincin ba.

Kawu_Sani: A matsayina na mai kula da zaure ina tunatarwa, Hajiya labule ta tambaya. Mun je babur, mun je ɓera, mun je tebur. Ban hana ba, amma a riƙa waiwayowa.

Ɗan_Alaba: To Kawu, ga abin da zai haɗa su. Tatsuniyar 'yan'uwa uku da suka gamu da Mutuwa a bakin kogi. Na fari ya roƙi sandar da ba a cin ta da yaƙi, aka yanka shi saboda ita. Na biyu ya roƙi dutsen kiran matattu, begen matacciyar budurwarsa ya kashe shi. Na uku ya roƙi alkyabbar ɓacewa, irin layar zanarmu, ya rayu har tsufa sannan ya tarbi Mutuwa kamar tsohuwar abokiya. Masu hasashe suka ce na fari Voldemort ne, na biyu malam Snape da son Lily mahaifiyar Harry, na uku Harry. Ita kuwa Mutuwa Dumbledore ce. Shi ne kayan uku duk suka bi ta hannunsa, shi ya ba Harry alkyabbar, shi ya bar masa dutsen cikin ƙwallon zinariya, shi ya tarbe shi a tashar jirgin nan fara fat bayan an jefe shi a daji. Marubuciyar da kanta ta yaba wannan hasashe a Twitter a 2015. Yanzu ga nawa ƙarin: ina ganin tashar nan ita ce bayan labule. Wurin tsayawa ne, daga nan ko ka hau jirgi ka wuce ko ka koma. Ke nan an nuna mana amsar a littafi na bakwai, ba a dai ambaci labulen ba ne.

Maman_Ikram: Wannan zan iya gaya wa Ikram, za ta gane shi.

Hauwa_Ikeja: Amma in haka ne me ya sa Sirius bai samu zaɓin komawa ba? Harry ya samu ne don jininsa yana jikin Voldemort yana riƙe da shi. Kuma Dumbledore ya ce masa shi bai san kamar me wurin yake ba, sai da ya tambayi Harry. Kowa da irin tasharsa ke nan. Masu raɗa kuma fa? A tashar ba taro, su biyu ne sai abin nan mai kuka a ƙarƙashin kujera. Ni ban gamsu ba.

Zainabu_Ijora: Ban cika magana a nan ba, amma maganar riƙo da Maman Ikram ta yi ta hana ni yin shiru. Akwai masu cewa mugun halin gidan Dursley ya samo asali ne daga gutsuren kurwar Voldemort da ke jikin Harry, kamar yadda sarƙar nan mai wani gutsuren kurwar ta juya halin Ron da ya rataya ta. Ni ban yarda ba, kuma ba na son wannan hasashe. McGonagall ta wuni tana kallonsu kafin a kawo yaron, ta ce ba ta ga mutane irinsu ba. Ron ya kwana ɗaki ɗaya da Harry shekara shida bai zama mugu ba. Ni 'yar riƙo ce. Ina da shekara bakwai aka kawo ni Legas wajen goggona bayan rasuwar mahaifiyata. A ƙasan matakala ba a sa ni ba, amma tabarmata tana kusa da ƙofar kicin, kuma na san yadda ake raba nama a tsallake kwanonka. Ba wata kurwa a jikina. Kishi ne tsohon ajiya tsakaninta da mahaifiyata, ni na gada. Petunia ma haka, ta rubuta wa Dumbledore tana yarinya tana roƙon a ɗauke ta makarantar tare da ƙanwarta, aka ce ba zai yiwu ba, abin ya zame mata miki. Ni sirrin da ya fi labule a wajena shi ne ranar rabuwa a littafi na bakwai. Ɗanta ya miƙa wa Harry hannu. Ita ta kai bakin ƙofa ta juyo, bakinta ya motsa kamar za ta yi magana, sai ta fice. Me za ta ce? Ranar da za a kai ni gidan miji goggona ta riƙe gefen mayafina ta daɗe, na jira, sai ta ce kada in manta da kulolin da aka aro. Ta rasu shekara uku da suka wuce. Na karanta wannan shafin ya fi sau goma.

Baffa_Mile12: Allah sarki 'yata. Allah ya jiƙan iyayenki, ita ma Allah ya yafe mata. Ki riƙe cewa riƙon mayafin nan magana ce.

Anti_Bilki: Zainabu, kin sa ni hawaye a cikin motar BRT. Ni ina ganin cewa za ta yi ita ma ta yi rashin 'yar'uwa, ba shi kaɗai ya yi rashin uwa ba.

Zainabu_Ijora: Amin Baffa, na gode. Anti, ni kuma ina ganin gafara za ta nema, shi ya sa ta gagara fita.

Yaya_Nura_Apapa: Wata tambaya daga gefe, mu 'yan Afirka ba mu cikin labarin ne?

Sadiku_Akoka: Kaɗan. A wajen gasar kofin duniya ta littafi na huɗu an nuna wasu mutum uku 'yan Afirka da fararen riguna suna gashi a kan wuta, akwai kuma wani Ali Bashir da ke son shigo da dardumar tashi Birtaniya aka hana shi. Sai a 2016 marubuciyar ta ba da labarin wata makaranta mai suna Uagadou a duwatsun Yuganda, ta ce ita ce mafi girma, ɗalibanta ma ba sa buƙatar sanda. Amma wannan ba ya cikin littattafan bakwai, don haka Anti Hauwa ba za ta karɓa ba.

Hauwa_Ikeja: Ba zan karɓa ba kuwa.

Ummi_Surulere: Mu koma ɗakin nan, akwai ƙofar da muka manta, wadda ta ƙi buɗuwa har wuƙar da Sirius ya ba Harry ta narke a jikinta. Dumbledore ya ce abin da ke ciki ya fi mutuwa ban mamaki da ban tsoro, kuma shi ne abin da Harry yake da shi Voldemort ba shi da shi. Ƙauna ke nan. Abin lura, ɗakin mutuwa a buɗe yake kowa ya shiga, labule ne kawai, na ƙauna kuwa a kulle. Ina ganin da gangan aka jera su haka, kuma ɗakunan biyu a haɗe suke. Abin da ya ja Harry zuwa labulen ba son mutuwa ba ne, son waɗanda ke can ne.

Malam_Obalende: Wannan ma'anar ba ni da ja a kanta. Kewar mamaci halitta ce, kuma muna da abin da ya fi raɗa a bayan labule, muna da addu'a da sadaka da ke isa gare su.

Maman_Ikram: Na dawo. Bayan sallar isha'i na zaunar da ita na karanta mata amsoshinku, na Zainabu kaɗai na tsallake don na san za ta yi kuka. Ta yarda da Ummi kan Ginny, ta ƙi yarda da zancen tashar jirgi, ta ce Anti Hauwa ce mai gaskiya tunda babu masu raɗa a can. Daga nan muka gangara kan kakarta, muka daɗe, ta tambayi abubuwan da ban zaci tana riƙe da su ba, muka yi mata addu'a tare. Malam, na bi ta ƙofar. Baffa, na yi mata alkawarin labarin aku ranar Asabar. Amma ta bar ni da sabuwa: wai tunda Sirius da jikinsa ya shiga, da kayansa da sandarsa, ba gawa ba kabari, ina jikin ya tafi? Sauran matattun labarin duk an ga gawarsu.

Sadiku_Akoka: Ba duka ba Anti, gawar Moody, tsohon mai farautar mugayen masihirta, ma ba su same ta ba, idonsa kawai aka gani a ƙofar ofishin Umbridge a Ma'aikatar Sihiri. Amma nasa an san faɗowa ya yi daga sama. Na Sirius kam ban da amsa. Zan sake duba babin yau da dare.

Ɗan_Alaba: Ni har yanzu ba wanda ya gaya mini inda Hagrid ya wuni.

Yaya_Nura_Apapa: Hajiya Maman Ikram, in yarinya ta gama da na biyar ɗin mai salatif a ara mini. Ina bi ta Agege ranar Juma'a, sai in karɓa bayan masallaci.